Baƙo A Kan Binuwai: Abin Da Mai Shiga Jirgin Ruwa Karo Na Farko Zai Tarar

A wannan mako filin namu zai bar kan tudu ya gangara bakin kogi, dalili kuwa wata wasiƙa ce da ta iso mana daga Adogi, wani gari da ke gabas da Lafiya a kan hanyar da ta nufi Shendam, cikin Jihar Nasarawa. Mai wasiƙar malamin makaranta ne. Ya ce shi da abokansa sun yi adashi, suna so idan an ba da hutu su sauka Makurɗi su shiga jirgin ruwa, su bi Kogin Binuwai har Lakwaja, su ga inda ya haɗu da Kwara, abin da ya daɗe yana zana wa yara a kan allo amma bai taɓa gani da idonsa ba. Ya ƙara da cewa a cikinsu babu wanda ya taɓa shiga jirgin ruwa, babu kuma wanda ya iya iyo. Abin da yake so ya sani shi ne, me za su tarar?

To, Malam, niyyarku ta yi kyau, kuma ba zan hana ku ba. Amma tun da wuri sai ka cire hoton nan da ka gani a talabijin daga zuciyarka, watau jirgin shaƙatawa irin na teku, mai benaye kamar unguwa guda, da ɗakunan kwana da na cin abinci da wurin wanka. Akwai su kam. Wani da ake kira Icon of the Seas, wanda ya fara aiki cikin 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana kuma iya ɗaukar fasinja fiye da 7,000. Irin wannan ba ya shiga Binuwai, ko ƙanensa ma ba ya shiga. Abin da za ku samu a kwatar Makurɗi shi ne jirgin katako mai inji a gindi, wanda aka ƙera don ɗaukar doya da buhunan shinkafa da itace da 'yan kasuwa, sai ƙananan kwalekwale na masunta da 'yan fito. Babu tikiti mai lamba, babu jadawalin tashi. Ko dai ku yi shatar jirgi guda da matuƙinsa, ko kuwa ku bi jiragen kasuwa zango zango, kuna sauka kuna sake wani.

Da ba haka abin yake ba. A zamanin kamfanin Royal Niger, wanda ya sami izninsa daga Ingila cikin 1886, da kuma bayan an kafa U.A.C. cikin 1929, jiragen ƙarfe masu hayaƙi sukan taso daga Burutu da Warri su hau Kwara, su karya a Lakwaja su shiga Binuwai, su wuce Loko da Makurɗi da Ibi da Numan da Yola, har su dangana da Garwa ta ƙasar Kamaru. Su kai gishiri da siminti da man fetur, su komo da gyaɗa da auduga da riɗi. Jirgin ƙasa da manyan motoci suka yi ta cin kasuwarsu, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ƙara gurgunta harkar, yashi kuma ya yi ta taruwa a hanyar. Tun daga lokacin ake ta maganar yashe kogin. An ƙaddamar da yashe Kwara daga Warri zuwa Baro cikin 2009, an kuma buɗe tashar Baro cikin 2019, amma na Binuwai alkawarinsa ya fi aikinsa yawa.

Abu na farko da baƙo ya kamata ya fahimta shi ne, kogin nan yana da kalandarsa, kuma ba ya duba ta makaranta. Mutumin tudu ya saba da hanya tana nan inda ya bar ta; hanyar Lafiya zuwa Makurɗi, mai kimanin kilomita 100, ko da rani ko da damina ita ce dai. Binuwai kuwa, mai tsawon kimanin kilomita 1,400 daga tsaunukan Adamawa na Kamaru zuwa Lakwaja, kogi biyu ne a shekara guda. Daga Fabrairu zuwa Mayu ruwa yakan janye, tsibiran yashi su fito fari fat, manoma su shuka a inda jirgi ya wuce watanni kaɗan baya, hanyar ruwan ta zama siririya tana karkacewa daga wannan gaɓa zuwa waccan. A lokacin nan jirgi yakan dafe a yashi, a ce wa fasinjoji maza su sauka su tura, tafiyar yini ta koma ta kwana biyu. Idan damina ta kankama, kogunan Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala da Mada suka juye nasu a ciki, sai ruwa ya yi ta hawa har ya kai maƙura wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. A nan faɗinsa yakan wuce kilomita guda a wurare da yawa, yana gudu da ƙarfi, yana ɗauke da kututture da ciyawa da duk abin da ya tsinta, itatuwan bakin gaɓa kuma sun nutse, sai kawunansu ke leƙe ko ma ba a ganinsu sam. Waɗannan da ba a gani su ne ke fasa jirgi.

Wannan kalanda ita ta juya Baturen nan Likita William Baikie cikin 1854. Ya shigo Binuwai da wani jirgi mai suna Pleiad, tare da shi akwai Samuel Ajayi Crowther, suka wuce gaɓar ƙasar Doma suka yi gabas fiye da inda wani jirgin Turawa ya taɓa kaiwa. An fi tuna tafiyar da cewa babu wanda zazzaɓi ya kashe a cikinsu, domin ya sa suna shan kwinin kullum. Amma abin da ya sa suka juyo da sauri shi ne ruwa ya fara sauka, sun kuwa san idan suka yi jinkiri jirgin zai zauna a kan yashi har wata damina. Haka nan jiragen kamfani da suka zo daga baya, watanni biyu zuwa uku kaɗai suke da su na isa Garwa, daga Agusta zuwa Oktoba, wanda ya makara sai baɗi.

A zamaninmu an sami ƙari a kan wannan lissafi, shi ne madatsar ruwa ta Lagdo da Kamaru ta gama cikin 1982 a kan Binuwai ɗin. Idan ta cika aka buɗe ƙofofinta, ruwan yakan tarar da kogi ya riga ya ƙoshi da na sama. Wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da ruwa ya shiga Makurɗi da Lakwaja har ya yanke hanyar Abuja a wajen Koton Karfe, ba ya bukatar dogon bayani. Madatsar Dasin Hausa da aka ce za a gina a Adamawa don ta tare wannan ruwa, shekaru sun shuɗe tana kan takarda. Saboda haka duk mai shirin tafiya tsakanin Agusta da Oktoba lalle ne ya kasa kunne ga rediyo ya ji ko an ba da sanarwar sakin ruwa.

In shawarata kuke nema, kada ku yi wannan tafiya a dogon hutun Agusta, ko da yake shi ne ya fi muku sauƙi. Ku bari sai hutun Disamba. A lokacin ruwa ya sauka ya natsu amma bai ƙafe ba, hadari mai iska ya wuce, doya da shinkafa sun fito, jirage suna ta zirga-zirga. Aibinsa ɗaya ne, hazo. Da asuba hazon hunturu yakan kwanta a kan ruwa har matuƙi ya kasa ganin gaɓa, sanyi kuma ya fi na tudu ratsa jiki. Idan matuƙi ya ce a dakata sai rana ta ɗaga, kada wani ya tsaya yana nuna masa agogo.

Yanzu sai mu zo kwata, inda a ganina ake yanke hukuncin tafiya tun ba a tashi ba. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Kowace babbar kwata tana da shugabanninta, ko Sarkin Jirgi ko Sarkin Ruwa ko shugaban ƙungiyar masu jirage, kuma wurinsu ya kamata baƙo ya fara zuwa ya yi gaisuwa ya faɗi inda ya nufa. Su suka san matuƙin da ya san hanyar Lakwaja da wanda iyakarsa fito daga wannan ƙetare zuwa wancan. Wannan bambanci babba ne, domin hanyar jirgi a cikin kogi takan sake wuri kowace shekara, inda yake da zurfi bara bana ya zama tudu, kuma matuƙi na ƙwarai da launin ruwa da yadda yake murɗawa yake gane inda zai bi. Ku yi ciniki a gaban shaidu, a faɗi ko kuɗin mai yana ciki, a faɗi inda za a kwana, a kuma rubuta sunayenku a bar wa shugaban kwata.

Sa'an nan ku dubi jirgin da idonku, kada kunya ta hana. Ku leƙa cikinsa: in kun ga yaro yana ta kwarfe ruwa da ƙwarya tun jirgi yana ɗaure, to katakon ya gaji. Ku tambaya ko akwai filafili da gora na tuƙi idan inji ya mutu, da fulogi na sauyi, da mai isasshe, domin babu gidan mai a tsakiyar ruwa. Abu mafi muhimmanci, bayan an gama lodi ku dubi tazarar da ke tsakanin ruwa da leɓen jirgi. Idan mutum yana zaune zai iya taɓa ruwa ba tare da ya sunkuya ba, tazarar ba ta fi taƙi guda ba, to wannan jirgi ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, igiyar ruwa ɗaya daga wani jirgi mai wucewa ta isa ta cika shi. A sauka. Kuɗin da aka biya ya tafi, ba kome. Na san abin da wuya, domin mutanenmu suna ganin sauka daga jirgi bayan an zauna kamar rashin tawakkali ne, wani ma ya yi maka dariya ya ce ɗan tudu ya tsorata. Bari ya yi dariyarsa.

Ba don in tsorata ku nake wannan magana ba, lissafin da ke ƙasa ne ya sa. Cikin Mayu 2021 wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya tsage a Kwara a kan hanyarsa ta zuwa Warra cikin Jihar Kebbi. Cikin Nuwamba na shekarar, a Bagwai ta Jihar Kano, mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. Cikin Yuni 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi na Jihar Kwara, suna komowa daga ɗaurin aure da dare. Cikin Oktoba 2024 aka sake yin wani a Gbajibo ta ƙasar Mokwa, shi ma da dare, shi ma jirgi cike maƙil. Kai ma Malam ba ka bukatar a kai ka nesa, domin cikin Agusta 2023 mutum 12 suka rasu a wani haɗarin kwalekwale a Arikiya, cikin ƙaramar hukumarku ta Lafiya. Allah ya jiƙansu. Idan ka jera waɗannan ka duba, kusan abubuwa uku ne ke ta maimaituwa: lodi fiye da kima, tafiyar dare ko ta almuru, da rashin rigar hana nutsewa. Babu ɗaya daga cikinsu da fasinja ba zai iya gani da idonsa ba tun yana kan gaɓa.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa cikin 1997 da hedkwatarta a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta kuma ce kada a ɗauki fasinja sai da rigar. Doka ce mai kyau. Amma kwatocin da ke kan Binuwai da Kwara sun fi ma'aikatanta yawa nesa ba kusa ba, a ƙananan ƙauyuka kuwa babu mai tsayawa ya ƙirga kawuna. Don haka ku sayi rigunanku tun daga gari, kowa da tasa daidai jikinsa, ku sa su cikin kuɗin adashin kafin kuɗin kifi da na hoto. A ɗaure igiyoyinta tamau tun kafin a taka jirgi. Rigar da aka yi matashi da ita ko aka tura ƙarƙashin benci ba ta ceton kowa, domin jirgi idan zai kife ba ya ba da sanarwa.

A nan ne nake so mu ɗan leƙa manyan jiragen teku, don akwai abin koyi. Bayan nutsewar Titanic cikin 1912 ƙasashe suka yi yarjejeniya a kan tsaron rai a teku. Shekara ɗari bayan haka, cikin Janairu 2012, jirgin shaƙatawa Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka mutu, aka kuma gane cewa ɗaruruwan fasinjojin da suka shiga a ranar ba a riga an nuna musu inda za su taru ba idan wani abu ya faru. Daga nan aka gyara dokar, tun daga 2015 wajibi ne a yi wa sababbin fasinjoji wannan bita kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Akan nuna wa kowa rigarsa da wurin taruwarsa, a kuma sanar da shi cewa busa bakwai gajeru da ɗaya doguwa ita ce alamar haɗari. To, a jirgin katako babu jami'in da zai yi muku wannan, sai ku yi wa kanku. Kafin a kunna inji ku zauna minti biyar ku yi magana: wa ke kusa da wa, ina jarkokin da babu kome cikinsu masu murfi a rufe, waɗanda mutum zai iya runguma su riƙe shi a saman ruwa. Ku sani cewa jirgin katako ko ya kife sau da yawa yana iyo, kama shi ya fi ƙoƙarin kai gaɓar da take kamar kusa alhali da nisa. Ku kuma sani cewa mai nutsewa yakan cakumi na kusa da shi su tafi tare, saboda haka gora ko igiya ake miƙa masa.

Tufafi ma abin dubawa ne. Babbar riga da rawani da takalmi sau-ciki kayan kan tudu ne. Idan suka sha ruwa sukan yi nauyi su naɗe wa mutum ƙafa da hannu. A naɗe su cikin leda tare da waya da kuɗi da katin shaida, a sa 'yar shara da wando marar nauyi, da malafa. Kada a raina malafar nan. Rana a kan ruwa biyu ce, ta sama da wadda ruwa ke maidowa, kuma iskar tafiya takan ruɗi mutum ya ga kamar ba ya jin zafi har sai kai ya fara sarawa.

Da jirgi ya tashi, abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne ƙarar inji, wadda ba ta barin a yi hira sai da ɗaga murya, da kuma taurin benci, wanda bayan awa uku yakan sa mutum ya san yana da ƙugu. Tabarma ko ɗan bargo ya yi amfani. Jiri da amai irin na teku ba su cika damun mutane a kogi ba, sai dai warin mai ya tayar wa wani da zuciya. Mai irin wannan ya zauna can gaba, ya riƙa duban gaɓa mai nisa, ya tauna citta. Doka ɗaya ce ba a karya ta: ba a miƙewa tsaye gaba ɗaya, ba a kuma ruguwa gefe guda don kallon wani abu. Ko dorina aka gani, kowa ya kalla daga inda yake zaune. Babu makewayi a irin waɗannan jirage, sai an roƙi matuƙi ya raɓa wani tsibiri, abin da ya kamata a yi tunaninsa tun da wuri idan da mata a tafiyar. Ruwan sha ku ɗauko naku, kada ganin matuƙi yana kamfatar na kogi yana sha ya ruɗe ku, cikinsa ya saba, naku bai saba ba. Haka kuma a guji wanka ko tsayawa cikin ruwan da ya kwanta a gefe, inda ake ɗaukar tsargiya. Gidan sauro da maganin zazzaɓi da tocila kuwa ba sai an faɗa ba, tun zamanin Baikie sauron Binuwai bai yi ritaya ba.

Game da salla, galibi matuƙa sukan tsaya a kan yashi idan an nema, kuma salla a kan farin yashin tsibiri da la'asar tana cikin abubuwan da za ku daɗe kuna tunawa. Hukuncin yin ta a zaune cikin jirgi idan tsayuwa ba ta yiwuwa, da na ƙasaru, ku tambayi malamanku kafin ku bar gida.

To me za a gani? Da farko gadojin Makurɗi biyu, tsohuwar da aka buɗe cikin 1932, wadda kafin ita sai an ɗora taragun jirgin ƙasa a kan jirgin fito a ƙetare da su, da sabuwar da aka yi cikin shekarun 1970. Daga nan sai kogi ya buɗe, Jihar Binuwai a hagu, Jihar Nasarawa ta biyo a dama. Za ku wuce bukkokin masunta Jukunawa, waɗanda suke kafa sansani a kan yashi da rani su tashi idan ruwa ya zo, da gonakin Tibi, da ƙauyukan Agatu da Bassa da Igbira, can ƙasa kuma ku haɗu da Kakanda da Nufawa, gwanayen jirgi tun kaka da kakanni. Za ku ga ana banda kifi, tarwaɗa da ƙarfasa da giwan ruwa, ku ga tsuntsaye iri iri da ba ku san sunansu ba. Akwai ayu a kogin, amma da wuya ya nuna kansa. Ku mutanen Adogi ma kun fi kusa da shi a tafkin Pandam da ke kan hanyarku ta Shendam. Hausa za ta fisshe ku a kusan kowace kwata, amma ku tuna ku ne baƙi. A yi sallama, a nemi izni kafin a ɗauki hoton mutum ko gidansa ko wurin da yake girmamawa, kada kuma jirginku ya bi ta kan koma ko ragar da wani ya shimfiɗa, domin abincin iyalinsa ke nan.

Akwai kuma maganar da ba ta da daɗi amma dole a yi ta. Shekarun nan wasu yankuna na gaɓar kogin, ta ɓangaren Guma da Agatu da kudancin Nasarawa, sun sha fama da rikicin manoma da makiyaya da kuma 'yan bindiga. Yanayin yakan sauya daga wata zuwa wata. Jiragen da suka iso jiya su suka fi kowa sanin halin da ake ciki, sai a tambaye su, a kuma kwana a gari mai sarki da jama'a, a kai gaisuwa fada a sanar da zuwa. Kwana a tsibirin da babu kowa ya yi kyau a labari kawai.

Loko ta cancanci a yada zango. Kafin zuwan jirgin ƙasa ita ce babbar mashigar fatake tsakanin kogi da ƙasar Hausa. Nan ake sauke kaya a ɗora wa 'yan alaro da jakuna, a bi ta Nasarawa da Keffi zuwa Zariya da Kano. Ta nan Charles Robinson, wanda ya rubuta ƙamus na Hausa, ya kama hanyar Kano cikin 1894. Yanzu gadar Loko zuwa Oweto, mai tsawon kusan kilomita 2, wadda aka buɗe cikin 2023, ta ratsa kogin a wurin, 'yan fito da yawa kuma sun rasa ciniki. In ƙarfinku ko kuɗinku bai kai na dukan tafiyar ba, kuna iya zuwa Loko da mota ku fara daga can, kun rage kusan rabin wahala. A Lakwaja kuwa, ku sa matuƙi ya kai ku daidai mahaɗar, inda ruwan Binuwai da na Kwara suke tafiya kafaɗa da kafaɗa kowanne da launinsa kafin su gauraya, sa'an nan ku hau Dutsen Patti ku hango abin daga sama. Daga can ne za ka ga zanen nan na kan allo, wanda yake kuma a jikin tambarin ƙasarmu, shimfiɗe a gabanka.

Saura masu karatu da Allah ya hore wa, waɗanda nufinsu manyan jiragen ƙasashen waje ne. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu da suka tafi Hajji ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, a Sawakin ko Fot Sudan suke shiga jirgi su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda, ɗalibanmu na farko kuma a jirgin Aureol da 'yan uwansa suke tafiya daga Ikko zuwa Ingila, kafin a daina cikin 1974. Yau akwai jiragen Kogin Nilu a Masar, masu kwana uku ko huɗu tsakanin Luksor da Aswan, da kuma na Bahar Maliya, inda Saudiyya ta fara nata mai suna Aroya daga Jidda cikin Disamba 2024. Mai zuwa irin wannan ya sani kuɗin tikiti yakan ƙunshi ɗaki da abinci, amma yawon da ake fita a kowace tasha da kyautar ma'aikata da intanet galibi daban ake biya, kuma su ne ke cinye guzuri. Mai fasfo na Nijeriya ya bincika bizar kowace ƙasa da jirgin zai tsaya, ba ta farko kaɗai ba, ya kuma riƙe katinsa na allurar shawara. Ya faɗi irin abincin da yake ci tun lokacin sayen tikiti. Ya rufe intanet na wayarsa idan an yi nisa da gaɓa, don kuɗinsa a teku ba kama hannun yaro. Idan an sauka yawo a wata tasha aka ce a komo ƙarfe biyar, to agogon jirgi ake nufi, wanda wani lokaci yakan saɓa da na garin, kuma jirgin ba ya jiran wanda ya tsaya ciniki a kasuwa. Sai dai ya nemi mota ko jirgin sama da kuɗinsa ya tarye shi a tasha ta gaba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.